CIWON IDO BA HAƘURI NE MAGANINSHI BA

 Yau muna so mu taɓo wata magana da ba mu saba kawowa cikin wannan fili ba. Kullum zancenmu burtali ne, da rijiyoyi, da kuɗin ɓarna, da harajin kasuwa. Yau zancen ido za mu yi, kuma idon mutum, ba na saniya ba.

Abin da ya tado maganar shi ne, kwanakin baya mun raka wani dattijonmu babban asibiti na birni, wajen masu duba ido. Wannan mutum ya yi shekaru yana garso. Shi ke wucewa gaba ya dubo ciyawa da ruwa kafin ruga ta tashi, kuma in ya hango saniya daga nesa zai gaya maka ko ta wace ruga ce. Yau jikanshi ke ja mashi sanda. Mun isa da asuba muna tsammanin mu ne na farko, sai munka tarar bencina sun cika, wasu ma nan sunka kwana bisa tabarmi. Tsofaffi maza da mata, kowa da yaron da ke jan shi. Mata masu hawaye sun rufe fuska da mayafi saboda haske. Samari da ƙyalle ɗaure a ido. Uwaye da goyo.

Da layi ya zo kanshi, lokotoro ya haska, ya auna, sannan ya ce idon dama yana ce, za a yi aiki kuma zai gani in Allah ya so. Na hagu kuwa wata cuta ce daban, ta riga ta cinye jijiyar gani, babu abin da za a iya, sai dai a tsare na daman da magani don kada ta bi shi. Ya tambaye shi: "Baba, tun yaushe ka ji ganinka na raguwa?" Ya ce damana huɗu ko biyar ke nan. Ya ce: "To mi ya hana ka zo?" Dattijo ya ce: "Ɗana, ciwon ido ai sai haƙuri. Kuma wa zan bar ma shanu?"

Wannan amsa ba tashi ba ce shi kaɗai, amsarmu ce mu duka. Shi ya sa munka ga ya kamata mu faɗi abin da ke ranmu. Cututtukan da ke makantar da mutum suna da yawa ƙwarai, kowa ya leƙa asibiti zai gani da idonshi. Mafi yawansu ana iya tare su ko a warkar da su in an zo da wuri. Amma makiyayi shi ne na ƙarshen zuwa, in ma ya zo. Saboda haka dole mu mu matsa kusa da asibiti, shi ma asibiti ya matso kusa da mu.

ABIN DA KE CIKA BENCIN ASIBITI

Ta farko ita ce yanar ido. Ita ta fi kowace cuta makantar da mutane, a nan ƙasar da duniya baki ɗaya. Cikin ido akwai wani ɗan abu garau kamar madubi wanda haske ke ratsawa. In shekaru sun ja sai ya fara dushewa, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo, a hankali a hankali har tsakiyar baƙin ido ta yi fari. Ba zafi, ba ja. Tsufa ne babban dalili, amma ciwon sukari, da shan taba, da bugu a ido, da yawan zama cikin hasken rana suna gaggauta ta. To wa ya kai makiyayi wuni cikin rana? Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da yana, duk wanda ya saida maka shi kuɗinka ya ci. Aiki ake yi. Ana kashe zafin wurin, mutum yana farke, a cire abin da ya dushe a sa wani na roba madadinshi. Sau da yawa aikin ba ya kai rabin awa, wanshekare a buɗe ido. Haka anka yi ma dattijonmu, kuma da ƙafarshi ya fita ba mai jan sanda.

Ta biyu ita ce gilakoma, wadda wasu ke ce ma hawan jinin ido, ko da yake ba ita ce hawan jinin da munka sani ba. Ita ce ta cinye idon hagu na dattijon nan. Cikin ido akwai ruwa mai shiga yana fita. In mafitar ta toshe sai ya matsa ma jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan. Muguntarta ita ce galibi ba ta zafi, kuma daga gefe take faro ci. Mutum yana ganin abin da ke gabanshi sarai, amma saniyar da ta ɓalle ta gefe ba ya ganin ta, yana tuntuɓe da turke, yana karo da reshe, ana cewa ya faye sakaci. Ranar da zai gane, ganinshi ya koma kamar na mai leƙe ta cikin kara. Abin da ta ci ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Amma in an gano ta da wuri ana tsayar da ita, da maganin ɗigawa kullum ko da aiki. Ta fi kama baƙar fata, tana faro mana da wuri, kuma tana bin jini. In uba ko uwa ko wa ya makance ba tare da farin yana a ido ba, to ƴan gidan duka su je a duba su.

Ta uku amodari. Ƙwayar cuta ce da ke yawo daga idon yaro zuwa na wani, ta hannu, ta zane, ta tsinken kwalli guda da ake karɓa-karɓa, da ƙudan da ke sauka bisa kwantsa da majina. Yaro yana kamuwa yana warkewa, yana sake kamuwa, har cikin fatar ido ya yi tabo. In ya girma sai fatar ta tanƙware, gashin ido ya juya ciki yana kartar baƙin ido duk ƙiftawa. Kun san tsofaffin matan da ke rataye da hantsaki a wuya suna tsige gashin ido? To shi ne. Gashin yana sake tsirowa, kartar na ci gaba, ƙarshenta hakiya ta rufe ido. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce amodari ya makantar ko ya rage ganin mutum wajen miliyan 1.9, kuma yana makantar da mata har ninki huɗu bisa maza, don su ke ɗawainiyar yara. A Nijar jihohin Damagaram, Maraɗi da Difa na cikin inda ya fi yin ɓarna. Ɗan aiki kaɗan ake yi ma fatar ido a maido da gashin waje, kuma malamin asibiti da ya koyi aikin yana yin shi ko a ƙauye.

Ta huɗu rauni ne, kuma wannan namu ne na kanmu. Ƙayar aduwa ko ta farar ƙaya sa'ad da ake sassabo ma awaki ganye, reshen gawo da ya dawo ya fyaɗi fuska, ƙahon saniya wajen ɗaure, wutsiya wajen tatsa, karan hatsi bayan girbi, tsakuwar majajjawar yara. Ɗan kartar da ba a ɗauka komi ba, in ƙwayar cuta ta shiga sai ya zama gyambo bisa baƙin ido, cikin ƴan kwanaki ido ya lalace. Samarin nan masu ƙyalle a fuska da munka gani, da yawansu haka ta same su.

Sai yara. Yaron da ba ya gani da magariba, yana laluben ƙwarya, dundumi ke gare shi, alamar jikinshi ya rasa bitamin A. Madara da man shanu da hanta da ƙwai suna da shi, shi ya sa abin ya fi tasowa ƙarshen rani sa'ad da nono ya ƙafe. In ƙyanda, wadda wasu ke ce ma dusa, ta tarar da yaro cikin wannan hali, tana iya narkar mashi da baƙin ido. Allurar rigakafin ƙyanda da ɗan ɗigon bitamin A da ake ba yara a baki su ne katangar. Haka kuma jaririn da idonshi ke zubar ruwa mai kauri kwanakin farko, ko yaron da anka ga fari a tsakiyar idonshi yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare, ba a kwana da su gida.

Ku kuma ƴan uwa dillalai da fatake mazauna gari, kada ku ce ba da ku ake ba. Ciwon sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido ba tare da mutum ya ji komi ba. Duk mai sukari ya kamata a duba mashi ido kowace shekara, ko yana gani garau. Kuma daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa ga kowa. Dillalin da ba ya iya duba haƙoran sa ya san shekarunshi, ba ya rarrabe takardar kuɗi ta ƙwarai da ta jabu, ba ya ganin lamba cikin salula sai ya miƙa ma yaro, sau da yawa tabarau kaɗai yake buƙata, kuɗinshi bai kai na ɗan akuya ba.

LITTAFIN ASIBITI BAI SAN DA MU BA

Duk wanda ya zo asibiti ana rubuta shi cikin littafi, da irin cutarshi. Ƙarshen wata a haɗa lissafi a aika sama. Da irin wannan lissafi manya ke duba inda za a tura malamin ido, da yawan maganin da za a saya, da garin da za a kai aikin yana na kyauta. To amma littafi wanda ya iso ƙofa kaɗai yake ƙirgawa. Mutumin birni da ya ji ƙaiƙayi da safe, da hantsi yana kan benci, an rubuta shi. Tsohuwar da ta makance shekara uku cikin bukka arewacin Dakoro ko bayan Tanut, ba ta cikin lissafin kowa. In an dubi littafi sai a ce ai daji ba matsala, ba su zuwa. Rashin zuwanmu ya zama hujjar rashin zuwa wurinmu.

In ana son sanin gaskiyar yawan cuta, sai an bar asibiti an bi mutane gida gida. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi haka daga 2005 zuwa 2007. Sun duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, birni da ƙauye. Sun tarar cikin kowane 100 fiye da 4 makafi ne, kuma arewa ta fi kudu yawan makafi. Cikin makafin nan, kashi 43 cikin 100 yana ce ta rufe masu ido, wajen kashi 17 gilakoma. Gaba ɗaya kashi 84 cikin 100 na makantar, irin wadda ake iya tarewa ce ko a warkar. Ga kuma abin da ya fi tsorata mu: cikin masu shekara 40 zuwa sama, 5 cikin 100 suna da gilakoma, amma cikin masu ita ko kashi 6 cikin 100 ba su kai ba waɗanda sunka san suna da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Wato cikin masu gilakoma 100, fiye da 90 ba littafin asibitin da ya san da cutarsu.

Wannan lissafin Najeriya ne, ba namu ba. Amma tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela, ko Magarya da Daura, jini ɗaya ne, rana ɗaya, ƙura ɗaya, ƙuda ɗaya. Cuta ba ta tsayawa a duwan. OMS kuma ta faɗa cikin rahotonta na 2019 cewa a duniya mutum aƙalla biliyan 1 ke fama da raunin gani wanda da an iya tarewa, ko kuma har yanzu ba a kula da shi ba. In bencin asibiti ya cika haka da waɗanda sunka samu isowa, to ku auna waɗanda ke kwance a rugage.

LAIFIN DA KE NAMU

Mun saba nuna ma hukuma yatsa cikin wannan jarida, kuma za mu ci gaba in ta kama. Amma gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu. In idon karsana ya fara hawaye, ranar nan mai ita zai nemo magani, ko da tafiyar wuni ce. In idon mahaifiyarshi ne sai ya ce bari damana ta wuce, bari a sauko daga arewa, bari shanu su yi kuɗi. Aikin yana bai kai kuɗin sa guda ba, wani lokaci ma kyauta ake yin shi. Amma sai mu riƙe san, mu bar tsoho cikin duhu. Alhali makaho ɗaya a ruga mutum biyu yake zaunarwa, shi da yaron da ke jan shi, wanda ba kiwo ba makaranta. Garken da mai shi ba ya gani kuwa, kun san yadda yake ƙarewa: yau an ce kura, gobe an ce ta ɓace, jibi an saida ta rabin kuɗi.

Na biyu, abin da muke zubawa cikin ido. Ruwan ganye, nono, fitsari, sukari, garin kafso, har maganin allurar shanu mun ga an ɗiga ma mutum. Baƙin ido fata ce marar kauri, abin da fatar saniya ke ɗauka shi ba ya ɗauka. Da yawa daga cikin masu hakiya, ba ciwon farko ya makantar da su ba, maganin ne. Haka ƴan kwalaben ɗigawa da ake saidawa bisa tebur a kasuwa. Wasunsu suna kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, mutum ya ce ya samu magani, amma irinsu in an daɗe ana sawa suna tada matsin ruwan ido, in kuma akwai gyambo sai su hura shi. Maganin ido sai wanda ya duba idon ya rubuta.

Na uku, masu yawo kasuwa kasuwa da ruga ruga suna cewa suna cire yana. Ba cire ta suke yi ba. Tsinke ko allura suke sokawa a gefen ido su ture yanar ta faɗa can ciki. Ranar nan mutum yana ganin haske da giccin mutane, sai a yi guɗa, a ba da tunkiya ko maraƙi, mai aikin ya ƙara gaba. Bayan kwanaki ido ya kumbura, zafi ya hana barci, ganin ya tafi. Binciken nan na Najeriya ya tarar cikin idanun da anka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 irin wannan turi anka yi masu, kuma cikinsu kusan uku cikin huɗu ba su gani. Idon da anka soka haka, sau da yawa ko lokotoro ba ya iya gyara shi.

Mun san abin da wasu za su ce, don an sha gaya mana. Za su ce tafiya da nisa, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki, ga abinci, ga wanda ba ya jin Hausa balle Faransanci, ga tsawar da ake yi ma mutumin daji a bakin ƙofa. Za su ce wane ya je ya dawo ba ya gani. Duk gaskiya ne, ba mu musa ba. Aikin ɗan Adam ne, wani sa'in ba a dacewa, musamman in ba a koma an sake dubawa ba, ko an koma cikin ƙura da hayaƙi ba a sa magani yadda anka ce ba. Amma mafi yawan waɗanda sunka dawo ba gani, sun je ne bayan jijiya ta mutu ko hakiya ta rufe. Jinkirin ne ya ci su, sai labarinsu ya hana na baya tafiya, su ma su yi jinkiri. Wasu kuma za su ce ƙaddara ce. Ba mu ja da ƙaddara. Amma ciwon huhun shanu ma ƙaddara ne, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya ƙi kai garkenshi allura don wannan dalili ba.

ABIN DA YA YIWU GA SHANU

Dattawanmu suna tuna bushiya, yadda take share garke a bar mutum da sanda. Yau ina take? A 2011 anka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Ba a kashe ta ta hanyar zama ofis ana jiran shanu ba. Ma'aikatan kiwo ne sunka bi garke rijiya rijiya, mashaya mashaya.

Ga kuma makantar rafi, wadda ɗan baƙin ƙuda na bakin koguna masu gudu ke kawowa. Ta taɓa tada garuruwa daga ƙasa mai albarka a Afirka ta yamma. Daga 1974 ƙasashen yankin, har da Nijar, sunka haɗa kai ana feshin koguna, daga 1987 kuma kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta. Ranar 30 ga Janairu 2025 OMS ta tabbatar Nijar ta kawar da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka. Sai dai masu gangarawa kudu da bisashe su sani akwai ta har yanzu a wasu ƙasashe, Najeriya na ciki. In kun tarar ma'aikatan lafiya na rabon ƙwayar ku karɓa. Asalin maganin ɗaya ne da na tsutsar shanu da kunka sani, amma kada wanda ya kuskura ya sha na shanu, awonsu ba ɗaya ba ne.

Amodari ma ya ja baya ƙwarai a Nijar, saboda shekarun da anka yi ana rabon maganin Zithromax gari gari, ana aikin fatar ido, ana wa'azin wanke fuska da tsabta. Gana ta rabu da shi a matsayin annoba a 2018, Mali da Benin a 2023. Amma rabo yana bin ƙauye ne da sunayen mazauna. Ranar da masu rabo sunka zo, mu muna tafiyar kwana uku daga nan. A Cadi kuwa, daga shekarar 2000, an gwada wata dabara a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem: likitocin dabbobi da na mutane su fita tare, ana yi ma shanu allura, ana yi ma yara da mata tasu rigakafin a wuri ɗaya. An samu yaran da ba a taɓa samu ba, kuɗin tafiya kuma ya ragu tunda an raba shi. Abin da ya yiwu ga allura zai yiwu ga duban ido.

ABIN DA MUKE NEMA

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. In haƙƙi ne, bai kamata ladanshi ya zama makanta ba. Saboda haka muna kira ga ma'aikatar lafiya, da ta kiwo, da magadan gari, da ƙungiyoyin agaji:

1. A sa malamin duba ido cikin ayarin masu allurar bisashe na kowace shekara. Inda garke ya taru, mai garke ma yana nan.

2. A tsaida ranakun duba ido a manyan kasuwannin bisashe irin su Abalak, Badagishiri, Tunfafi, Dakoro, Bakin Birji da Balleyara, da manyan tarurruka irin na gishiri a Ingal da Hotungo. A sanar da wuri a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Tamashek.

3. In za a kawo aikin yana ko rabon magani, a tambayi rugga da garso da arɗo lokacin da ya dace, kada a zo sa'ad da kowa ya yi nisa.

4. A ba mai ciwon ido karne da zai riƙa yawo da shi, don kowace likita ya faɗa ta san abin da anka yi mashi. Mai gilakoma kuma a ba shi maganin wata da watanni, a kuma yi mashi bayanin aiki, tunda daji ba kantin magani.

5. A rubuta cikin littafi in marar lafiya makiyayi ne mai yawo, don gobe a san nawa ne daga cikinmu ke isowa, kuma a wane hali. A sa tafinta a ɗakin ido, a kuma karɓi mutumin daji da mutunci.

ABIN DA ZA MU YI DA KANMU

Ba za mu zauna jiran amsa ba. Muna roƙon kowane shugaban ruga ya ƙirga mana mutanenshi: wa ba ya gani, wa ke da fari a ido, wa ke tsige gashin ido, wane yaro ke da dundumi. Ya kawo ma reshen ƙungiya mafi kusa. In mun je gaban hukuma da sunaye da wurare, magana ta fi nauyi bisa mu je da kuka.

Duk wanda ya kai shekara 40, ranar da ya kai dabba birni ya ware rabin wuni ya je a duba shi, ko ba ya jin komi. Ya ce a auna mashi matsin ido a kuma dubi jijiya. Wanda ƙaya ko ƙaho ya samu a ido, kada ya murza, kada a ciro abin da ya kafe, kada a ɗiga komi. A rufe da ƙyalle mai tsabta ba dannawa, a kama hanya ranar nan. Mata su wanke ma yara fuska kowace safiya. Mun san wahalar ruwa, mu ke jan guga, amma buta guda ta isa fuskar yara da dama. Kowa da tsinken kwallinshi, kowa da ƙyallen share fuskarshi. Bayan gida a yi shi nesa da ruga a rufe da ƙasa, don nan ƙudan ido ya fi haihuwa. A kai yara rigakafi duk inda anka tarar ana yi. Malfa da baƙin tabarau kuma ba ado kaɗai ba ne.

Tambayar dattijonmu ta ƙarshe ita ce wa zai bar ma shanu. Wannan amsarta tana hannunmu, ba hannun gwamnati ba. Mu da munka gaji habbanaye, muna ba ɗan uwa karsana ya tada garke, ba za mu kasa riƙe mashi garke kwana bakwai ya je a buɗe mashi ido ba. Kowane reshe ya zauna ya tsaida wanda zai yi rakiya, da wanda zai tsare bisashe, da ɗan abin da za a tara don kuɗin mota.

Haƙuri yana da wurinshi: haƙurin layi, haƙurin ɗiga magani kullum, haƙurin komawa ranar da lokotoro ya ce. Amma haƙurin zama cikin bukka ana jiran duhu, mu bar shi haka nan.

Allah ya tsare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damana mai albarka. Wanda ya karanta ya gaya ma wanda bai karanta ba. Wassalam.